Awon Hazo: Tarihin Ƙurar Hunturu Daga Kan Soro Zuwa Sararin Samaniya

Gabatarwa

Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa riƙe na'urar awo ba, amma a wurinta na fara ganin ana auna iska. Gidanmu yana cikin birnin Kano, kuma daga kan soronmu ana hangen Dutsen Dala. Idan hunturu ya kama, da gari ya waye takan hau matakala a hankali, ta dafa rawanin soro, ta dubi dutsen. In ta gan shi sarai, sai ta sauko ta ce ƙanena ya shirya ya tafi makaranta. In alamarsa kawai ta gani, kamar an lulluɓe shi da farin mayafi, sai a ɗaura wa yaron ƙyalle a hanci kafin ya fita. Ranar kuwa da dutsen ya ɓace ɗungurungum, ko zaure ba ya leƙawa. Akan rufe tagogi, a yayyafa ruwa a daɓe, a ajiye maganin shaƙarsa a ƙarƙashin matashi, domin ta san cikin dare fuka za ta taso masa. Da wuya awonta ya kuskure.

Sai da na girma na gane cewa abin da take yi shi ne abin da masana yanayi ke kira awon nisan gani, kuma shi ne matakin farko na wani dogon tarihi. A wannan maƙala zan bi sawun tarihin, tun daga duban hazo da ido har zuwa leƙensa daga tauraron ɗan'adam, in nuna abin da kowane zamani ya gano da abin da ya gagare shi. Tambayar da nake riƙe da ita ta kakata ce: ƙura nawa ce a cikin iskar da yaron nan zai shaƙa yau?

Ƙurar da ta sauka a kan jirgin ruwa

Mutanen ƙasar Hausa sun san hunturu tun kafin wani ya sa alƙalami a kansa. Sun san hazo da jaura da faso, sun san watannin da tari ke yawaita. Sai dai rubutaccen bincike a kansa daga gaɓar teku ya faro, a hannun mutanen da wutsiyarsa kawai suka gani. A shekarar 1781 wani likita ɗan Ingila, Matthew Dobson, ya gabatar wa ƙungiyar masana ta Royal Society bayani a kan wannan iska, bisa labarin da ya samu daga wani Bature mai fataucin bayi a gaɓar Afirka ta Yamma. Ya ambaci bushewarta da yadda take dusashe hasken rana, har ya lasafta ta a cikin iskoki masu kawo lafiya, domin a bakin teku tana korar laima da zazzaɓi. Da a Kano ko Damagaram aka ba shi labarin, da wataƙila hukuncinsa ya sha bamban.

A watan Janairun 1832 jirgin ruwa mai suna Beagle ya isa tsibiran Cape Verde ɗauke da wani saurayi mai nazarin halittu, Charles Darwin. Ya lura da wata lallausar ƙura da ke sauka a kan jirgin alhali suna tsakiyar ruwa. Ya tattara ta, ya haɗa da wadda wasu matafiyan teku suka tara, ya aika wa Christian Ehrenberg, masanin ƙananan halittu a Jamus. A cikin ƙunshi biyar kacal Ehrenberg ya ƙirga nau'i 67 na ragowar halittu a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Abin mamakin shi ne, ƙananan halittun ruwan da ke ciki, in ban da nau'i biyu, duk mazauna ruwan daɗi ne. A rubutun da ya wallafa a 1846, Darwin ya tsaya a kan cewa daga Afirka ƙurar take, saboda mahuskantar iska da kuma dacewar lokacin da watannin hunturu. Amma kacici-kacicin ya rage. Me ya kawo halittun tafki cikin ƙurar hamada? An fi shekara ɗari kafin a samu cikakkiyar amsa.

Zamanin filayen jirgin sama

Abin da ya tilasta wa hukumomi su riƙa auna hazo a kullum shi ne jirgin sama. Jiragen farko sun sauka Kano a watan Nuwamban 1925. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga 1940, Ingila ta riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, ana tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Njamena, wadda a lokacin ake kira Fort Lamy, har Hartum da Alƙahira. Matuƙin da bai ga fili ba ba ya sauka, don haka ma'aikacin yanayi yakan fita a sa'o'i ƙayyadaddu ya dubi wasu alamomi da aka san nisansu, kamar bishiya ko gini ko tudu, ya rubuta mafi nisan da ya iya gani. Tsarin kakata ke nan, sai dai an ƙara masa agogo da littafin ajiya. A 1945 Hamilton da Archbold suka wallafa dogon bayani a kan yanayin Nijeriya da maƙwabtanta, har da hazon hunturu. Daga irin waɗannan rahotanni masu hasashe suka koyi cewa idan tashar Faya a arewacin Chadi ta ba da labarin guguwar ƙura, to Maiduguri da Kano su shirya wa hazo cikin kwana ɗaya ko biyu.

Nisan gani yana da amfani, amma bai faɗi nauyin ƙurar ba, bai kuma faɗi girman ƙwayoyinta ba. A ƙarshen shekarun 1970 wani mai bincike ɗan Ostireliya, Grant McTainsh, ya kafa tarkunan ƙura a Kano da kewaye, yana auna abin da ke sauka daga sama a kowane hunturu, ya wallafa sakamakon a 1980. Aikinsa ya ƙarfafa fahimtar cewa wani kaso na ƙasar noman da ta ciyar da Kano shekaru aru-aru iska ce ta kawo shi. Ashe ƙurar da ke shaƙe ƙirjin yaro ita ce kuma ke ƙara wa gonar mahaifinsa albarka.

A ɗaya gefen Tekun Atlantika kuwa, wani abu ya faru bisa kuskure. A 1965 wasu masana suka rataya ragogi a gabashin tsibirin Barbados da nufin kama ƙurar da ke faɗowa daga sararin samaniya. Abin da ya cika ragogin jar ƙasar Afirka ce. Joseph Prospero na Jami'ar Miami ya karɓi aikin ya ci gaba da tace iskar tsibirin shekara bayan shekara. Saboda awon bai yanke ba, da fari ya faɗa wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, ya sake dawowa a farkon shekarun 1980, sai aka ga alamarsa a matatun Barbados: ƙurar ta ninka kusan sau huɗu a kan yadda take a tsakiyar shekarun 1960. Yunwar da iyayenmu suka sha an rubuta ta da ƙura a wani tsibiri mai nisan dubban kilomitoci, alhali a inda aka sha ta babu irin wannan littafin.

Ido daga sama

An harba tauraron ɗan'adam na farko mai ɗaukar hoton yanayi, TIROS-1, a watan Afrilun 1960. Hotunan farko sukan nuna ƙura idan ta bi ta kan teku, domin farin abu a kan baƙin ruwa ba ya ɓuya. A kan hamada kuwa, ƙura da yashi launinsu ɗaya, don haka tushen ya ci gaba da ɓuya.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. A watan Oktoban 1978 hukumar NASA ta Amurka ta harba tauraron Nimbus-7 ɗauke da na'urar TOMS, wadda aka ƙera domin auna iskar ozon, kuma ta yi aiki har 1993. Na'urar tana karanta wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ke gaba da shuɗi. A wannan haske yashin hamada duhu ne, ƙura kuma tana shanye shi ta wata siga da ake iya ganewa. A 1997 Jay Herman da abokan aikinsa suka nuna yadda za a fitar da ma'aunin ƙura da hayaƙi daga tsofaffin bayanan. A 2002 Prospero da wasu masana suka yi amfani da ma'aunin suka zana taswirar maɓuɓɓugan ƙura na duniya. Taswirar ta nuna cewa ba ko'ina a Sahara ƙura ke tashi daidai ba. Daga kwaruruwa take fitowa, wuraren da ruwa ya taɓa kwanciya, kuma wanda ya fi kowanne ƙarfi a duniya shi ne Kwarin Bodele a arewacin Chadi, kusa da Faya ɗin da masu hasashe suka daɗe suna sa wa ido.

Daga nan taurari suka ƙaru. An harba Terra a Disamban 1999 da Aqua a Mayun 2002, kowanne da na'urar MODIS, suka fara kewaya duniya daga tsayin kilomita 705. A wancan lokacin Terra kan wuce da hantsi, Aqua kuma bayan azahar ta gabato, tazarar kusan sa'o'i uku. Ilan Koren da Yoram Kaufman suka gwama hotunan biyu suka auna tafiyar da gaban ƙurar ya yi a tsakani, sai suka tarar iskar Bodele ta fi abin da lissafin kwamfuta ke nunawa gudu nesa ba kusa ba.

Kwarin Bodele

Gani ya kori ji. A watannin Fabrairu da Maris na 2005 wata tawaga da ta haɗa da Richard Washington na Jami'ar Oxford da Martin Todd ta shiga kwarin da kanta, ta kafa sansani a wani wuri mai suna Chicha. Sun tarar da ƙasa fara fat, marar nauyi, mai marmashewa a hannu. Ɓawon ƙananan halittun ruwan daɗi ne, irin waɗanda Ehrenberg ya gani, suka taru a ƙasan wani babban tafki. Kimanin shekaru dubu bakwai da suka wuce tafkin ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 350,000, kuma Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Bodele ne wurin da ya fi zurfi a cikinsa. Shi da sauran busassun tafkunan Sahara su ne amsar kacici-kacicin Darwin.

Tawagar ta kuma gano abin da ke tayar da ƙurar. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar ruwa a maƙogwaron mazurari. Da dare takan yi gudu a 'yan ɗaruruwan mitoci sama da ƙasa. Idan rana ta fito ta ɗumama ƙasa, iskar sama da ta ƙasa suka cakuɗu, sai ƙarfin ya sauko ya daki kwarin. Shi ya sa ƙurar ke tashi da hantsi, kusan kwana ɗari a shekara. Tsakanin Bodele da Kano akwai sama da kilomita dubu. Wato farar hodar da kakata ke sharewa daga kan faranti gawar halittun wani tafki ce da ya mutu.

A watan Afrilun 2006 Amurka da Faransa suka harba CALIPSO, tauraron da, har zuwa 2023, ya riƙa cilla hasken leza ƙasa yana auna lokacin dawowarsa, ta haka ya san tsayin da ƙura take. Da bayanansa na 2007 zuwa 2013 Hongbin Yu da abokansa suka ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke ficewa daga yammacin Sahara a shekara, tan miliyan 27.7 na sauka a dajin Amazon, ɗauke da kimanin tan 22,000 na sinadarin fosfaras, wanda taki ne ga itatuwa. Tun 2006 an yi ta yaɗa cewa rabin ƙurar Amazon daga Bodele take. Wani bincike na 2020 ya ƙalubalanci hakan, ya nuna cewa mafi yawan ƙurar Bodele tana zubewa tun a kan hanya, kafin ta tsallake teku. Labarin Amazon ya fi daɗin ji, amma na biyun ya fi shafar mu, domin hanyar da ake magana ta kanmu ta bi.

Tsakanin sama da hanci

A nan ne tarihin ya iso ga matsalar da ba a gama warwarewa ba. Tauraro daga sama yake leƙowa, saboda haka abin da yake aunawa shi ne kaurin hazo, wato yawan hasken da ƙura ta tare tun daga ƙololuwar iska har ƙasa. Huhun mutum kuwa da iskar da ke daidai hancinsa kawai yake hulɗa. A lokacin bazara da damina zafi kan ɗaga ƙura har kilomita biyar ko fiye, ta wuce ta saman kawunan mutane. A hunturu takan kwanta ƙasa-ƙasa, wani lokaci hayaƙin ƙunar daji ya hau samanta. Kauri ɗaya a idon tauraro yana iya zama iska mai dama-dama a wata rana, ya zama guba a wata. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Hanya biyu aka bi don cike giɓin. Ta farko ita ce komawa ƙasa. Tun 1993 NASA da masanan Faransa suka fara shimfiɗa AERONET, jerin na'urori masu bin rana suna auna kaurin hazo daga ƙasa, domin a gwada gaskiyar tauraro. Akwai ɗaya a ƙauyen Banizumbu, gabas da Yamai, tun 1995, akwai kuma wata a Jami'ar Ilori tun 1998. A 2006, ƙarƙashin shirin binciken damina na AMMA, aka kafa na'urorin auna nauyin ƙurar da ke daidai numfashi a Banizumbu da Cinzana ta Mali da Mbur ta Senegal. Sun nuna cewa a watannin rani ranakun da ƙura ke zarce iyakar da likitoci suka gindaya su ne mafi rinjaye. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2021 ita ce maikirogiram 45 a kowace mita kubik ta iska a yini ga ƙwayoyin PM10, da 15 ga mafi ƙanƙanta, PM2.5, waɗanda ke kutsawa can cikin huhu.

Hanya ta biyu ita ce kwaikwayon iska a kwamfuta. Akan raba sararin sama gida-gida, a lissafa ƙurar da iska za ta ɗaga daga kowace irin ƙasa, da inda za ta kai ta, da wadda za ta zube. Lissafin yana faɗin kason da ke ƙasa daga cikin kaurin da tauraro ya gani. Da wannan dabara Aaron van Donkelaar da Randall Martin suka fitar da taswirar PM2.5 ta duniya a 2010, kuma ƙasashenmu suka fito cikin wuraren da suka fi duhu a kanta. A 2018 masu bincike na Jami'ar Stanford suka haɗa irin wannan taswira da bayanan haihuwa daga ƙasashe 30 na Afirka kudu da Sahara, suka ƙiyasta cewa gurɓatar iska tana da hannu a mutuwar jarirai kusan 449,000 a shekarar 2015 kaɗai. Haka nan an daɗe da lura cewa sanƙarau, wanda likitan Faransa Lapeyssonnie ya zana yankinsa a 1963, a watannin ƙura da bushewa yake ɓarkewa, ya lafa da saukar ruwa. Annobarsa ta 1996 ta kashe kimanin mutum 25,000 a Afirka.

Sai dai taswira ba ta fi awon da aka gyara ta da shi inganci ba. A Turai da Amurka da Sin dubban na'urori ne a ƙasa suke gyara kuskuren lissafi. A yankinmu, inda ƙurar ta fi yawa, na'urorin 'yan ƙalilan ne, kuma da yawansu a hannun ayyukan bincike na ƙetare suke. Bugu da ƙari, a cikin birni ƙurar hamada tana gauraya da hayaƙin janareta da na itacen girki da na ƙona shara, a lungunan da idon tauraro bai iya rarrabewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kammalawa

Idan na waiwayi wannan tarihi na kusan shekara ɗari biyu da hamsin, abu biyu nake gani. Na farko, kowane ci gaba ya samu ne a lokacin da sama da ƙasa suka gyara wa juna: tauraro ya nuna Bodele, amma sai da mutane suka taka kwarin kafin a san yadda yake aiki. Na biyu, awon da ya fi amfani shi ne wanda bai yanke ba. Ragar Barbados ba wata na'ura ce mai ban al'ajabi ba, darajarta ita ce an samu masu kula da ita fiye da shekara hamsin. Wannan aiki ne da jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram za su iya, idan aka ɗauke shi a matsayin amana ta tsararraki, aka kuma riƙa sanar da sakamakon da Hausa a rediyo kowace safiya kamar yadda ake sanar da farashin hatsi.

Kakata ta rasu, kuma benaye sun tare Dala daga soronmu. Ƙanena ya girma, yana da 'ya mai irin ƙirjinsa. A wayarsa yakan duba hasashen ƙura na kwana uku da wata cibiya a Basalona ta ƙasar Sifaniya ke fitarwa ƙarƙashin shirin gargaɗi da Hukumar Yanayi ta Duniya ta kafa a 2007. Hasashen yana gaya masa abin da ke tafe daga Bodele tun kafin ya iso, abin da kakarmu ba ta taɓa samu ba. Duk da haka, a hunturun da ya wuce na kwana a gidansa, da safe na gan shi ya ajiye wayar, ya fita ƙofar gida ya tsaya yana duban hasumiyar masallacin da ke ƙarshen layi. Ya jima yana kallo, sannan ya koma ciki ya ce a nemo wa yarinyar takunkuminta.